Ɗalibin kimiyyar muhalli na neman gurbin koyon aiki a kamfanin injiniyoyi: ta ina zan fara?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina aji uku a sashen kimiyyar muhalli na jami'ar KNUST a Kumasi, kuma za mu fita atachimen a dogon hutu mai zuwa. Yawancin 'yan ajinmu ofishin EPA, hukumar kare muhalli, suka nufa, ni kuwa hankalina ya fi karkata ga kamfanonin injiniyoyi masu ba da shawara, irin waɗanda ke zana hanyoyi da magudanan ruwa. Shin suna karɓar wanda ba injiniyanci yake karantawa ba? In sun karɓe shi, wane aiki suke sa shi, kuma me ya kamata in iya kafin in je? Sannan in nema a nan Kumasi ne ko dole sai na tafi Akra? Allah ya saka da alheri.

Malam na Nima:

Wa alaikumus salam ƙanena. Suna karɓa, amma ba kowane kamfani ba. Wanda aikinsa zanen benaye ne kawai ba shi da abin da zai ba ka. Nemi mai aikin hanya, magudana, ruwan sha, wurin zubar da shara, layin wuta ko ma'adinai, domin irin waɗannan ayyuka ba a fara su sai da izinin EPA, kuma kamfanin ne ke shirya wa mai aikin takardun neman izinin. Sashen da ke wannan shi ne naka.

Ka san hanyar da takardun ke bi, don ita ce za ta gaya maka aikin da za ka tarar. A tsarin da dokar LI 1652 ta 1999 ta shimfiɗa, ana fara yi wa aiki rajista, EPA ta duba girmansa da wurin da za a yi shi. In ƙarami ne, gajeren rahoto ya isa. In babba ne, sai a rubuta rahoton share fage da ke fayyace abin da za a bincika, a sanar da jama'a, sannan a yi cikakken rahoton tasirin aikin a kan muhalli. In mutanen wurin sun nuna damuwa ko za a tashi wasu, a kira taron sauraron jama'a. Bayan an fara aiki akwai rahoton shekara-shekara, da tsarin kula da muhalli da ake sabuntawa duk shekara 3. A 2025 aka yi sabuwar doka, Act 1124, ta maye gurbin Act 490 ta 1994, ta kuma ƙara wa EPA iko. Don haka kafin ka ambaci wani sashe ko fom a gaban mai yi maka intabiyu, karɓi ƙa'idojin da ke aiki yanzu daga EPA ka karanta, kada ka dogara da tsohon littafin aji kaɗai.

Yadda za ka gano kamfanonin kuwa, kada ka tsaya jiran talla, ba kasafai ake tallar gurbin ɗalibi ba. Rahotannin ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi a buɗe suke a intanet. Duba na GARID, aikin maganin ambaliya a kwarin Odaw da aka amince da shi a 2019, wanda Nima na cikin unguwannin da ya shafa, da na aikin ruwa da tsafta na GAMA da aka faɗaɗa zuwa Kumasi. A bangon rahoto ko shafukan farko yawanci za ka ga sunan kamfanin da ya rubuta shi, wani lokaci har da jerin ma'aikatan da suka yi aikin. Sanarwar da ake bugawa a Daily Graphic da Ghanaian Times kan sabbin ayyuka ma tana nuna inda aiki ke shirin tashi. Kamfanin da ya fara share fage yau, nan da 'yan watanni zai buƙaci ƙafafu a fili.

Kai takardunka wata 2 zuwa 3 kafin hutu: wasiƙar sashenku, takardar sakamako, da CV shafi ɗaya. A wasiƙarka rubuta ranar da za ka fara da ranar da za ka gama, da abin da hannunka ya taɓa riƙewa. "Na iya saita mitar pH, na iya manhajar taswira ta QGIS da Excel, ina jin Hausa da Twi" ya fi shafi guda na bayanin son kare muhalli. Ka sa wasiƙar ta isa hannun shugaban sashen muhalli, kada ta tsaya a teburin karɓar baƙi.

Manyan ofisoshi a Akra suke, amma aikin fili ko'ina yake. Kamfanin Akra mai aiki a yankin Ashanti zai yi murna da ɗalibin da ke da wurin kwana a Kumasi, ya kuma san unguwanni. Faɗi haka a wasiƙar. Batun kuɗi, da yawa ba sa biyan albashi. Abin da ya zama dole a yi magana a kansa kafin ka hau motar fili shi ne kuɗin turoturo, abinci, wurin kwana, takalmin aiki da hular kwano, da wanda zai ɗauki nauyin magani in an ji rauni. A rubuta a wasiƙar karɓarka.

Yaya ta Asawase:

Ƙanena, bari in ɗora a kan maganar Malam da abin da aka fi damƙa wa ɗalibi, wato ɗibar samfurin ruwa. Ana ganinsa ƙaramin aiki, alhali duk lambar da za ta shiga rahoto daga wannan kwalbar take fitowa, kuma ɗakin gwaji ba ya iya gyara samfurin da aka lalata a bakin rafi.

Akwai abubuwan da ake aunawa nan take saboda suna canzawa cikin mintuna: pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa), zafin ruwa, iskar oksijin da ta narke a ciki, EC (yadda ruwan ke ɗaukar lantarki) da dagulewar ruwan. pH ɗin da ya wuce minti 15 a kwalba ba na rafin ba ne kuma. Kowace safiya saita mitar da ruwan gwaji na pH 7 da 4, in ana zaton ruwan mai kanwa-kanwa ne ƙara na 10. EC kuma da ruwan gwaji na 1413. Rubuta abin da mitar ta nuna kafin saitawa da bayanta. Ruwan gwajin da aka bari a buɗe ko ya sha rana a bayan mota yana ruɗar mita, ta yi ta ba ka lambobi masu kyan gani marasa gaskiya.

A rafi irin Wiwi, Subin ko Aboabo, ɗebi sama da inda aikin zai kasance da ƙasa da shi. Fara da na ƙasa ka hau sama, don kada lakar da ƙafarka ta tayar ta gangaro cikin samfurin gaba. Fuskanci inda ruwa ke fitowa, nutsa kwalbar ƙasa da saman ruwan, nesa da gaɓa. Kwalbar gwaje-gwajen yau da kullum ana ɗauraye ta sau 3 da ruwan wurin. Amma kwalba uku ba a ɗauraye su, kuma nan ɗalibai suka fi faɗuwa. Ta ƙwayoyin cuta an riga an kashe komai a cikinta, kada yatsa ya taɓa bakinta ko cikin murfin, a kuma bar ɗan sarari a sama don a iya girgizawa. In ruwan famfo ne mai kulorin, farin garin da ka gani a ciki tayosalfet ne da ke kashe ƙarfin kulorin, in ka zubar da shi kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito sifili. Kwalbar gwajin mai da maiƙo gilashi ce ta lita 1, in ka ɗauraye ta man zai manne a jikinta ya ninka lissafi. Ta ƙarafa masu guba kuma sau da yawa ɗakin gwaji ya riga ya ɗiga mata asid na nitirik.

Wannan asid ɗin aikinsa ya saukar da pH ƙasa da 2 don kada ƙarafan su kwanta ko su manne a jikin robar. Da shi samfurin na iya jira har wata 6, banda makuri, wanda iyakarsa kwana 28. In ƙarfen da ya narke a ruwa ake nema, tace da matata mai ƙofar 0.45 maikuron tukuna, sannan ka sa asid. In ka juya tsarin, asid zai narkar da ƙarfen da ke cikin lakar, a ga gubar ta haura sama da abin da ke ruwan. Wannan ya fi muni a kogunan Offin da Pra inda galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ta dama ruwa ya koma kamar koko. A irin wannan ruwa ma ƙaramar mitar dagulewa ta hannu yawanci a 1000 NTU take tsayawa, sai an tsinka samfurin da tataccen ruwa a ninka amsar.

BOD kuwa, wato gwajin yawan oksijin da ƙwayoyin ruwa ke sha wajen cin datti, lita 1 za ka cika, ka sa a sanyin da bai wuce digiri 6 ba, ya isa ɗakin gwaji da wuri, iyaka awa 48, domin ƙwayoyin da ke ciki ba sa daina cin dattin don an rufe kwalba. Na ƙwayoyin cuta ya fi gaggawa, ya isa cikin awa 6 zuwa 8. Shi ya sa ake lissafa hanya kafin a fita. In samfur zai tafi ɗakin gwaji a Akra ko Tema daga Kumasi, ba a ɗibarsa ranar Juma'a da yamma. Kira su tun da wuri ka ji ƙarfe nawa suke rufe karɓa.

Bohol da ba a amfani da shi, ruwan da ya kwanta a bututu ba shi ake so ba. A fitar da ninki 3 na abin da ke ciki, ko a yi ta ja har pH da EC su tsaya wuri ɗaya. Bututu mai faɗin milimita 125 yana ɗaukar kusan lita 12 a kowace mita, to in ruwan ya kai mita 30 a ciki, kusan lita 370 ke nan, sau 3 ya haura lita 1,100. Guga biyu ba su isa ba.

Sai abin da ake rainawa: lakabi. Rubuta da makar da ruwa ba ya gogewa, ka rufe da salatif, ka ƙulle ƙanƙara a leda daban. In ba haka ba, kular ƙanƙara ta isa ɗakin gwaji da takardu na yawo a kan ruwan ƙanƙara, kwalba goma babu suna, aikin yini ya tashi a banza. A kowane samfuri 10 ɗebi ɗaya sau biyu da suna daban, ka kuma tafi da kwalbar tataccen ruwa ka buɗe ta a fili ka rufe. Su ne shaidar cewa hannunka da kayanka ba su ƙara wa ruwan komai ba. Takardar miƙa samfur, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da lokaci. Sa safar hannu da dogon takalmin roba, ruwan kwance na ɗauke da tsargiya. Kada kuma ka shiga ramin kwata ko ka zura kai ciki ko wa ya ce, iskar da ke taruwa a can na kashe mutum kafin ya yi ihu.

Mai Taswira:

Abokina, biyu zan ƙara. Na farko wurin da ka tsaya. GPS da wayarka suna ba da lamba a tsarin WGS84, amma takardun fili da yawa a Ghana suna kan tsohon tsarin ƙasa da ake aunawa da ƙafa, ba mita ba. In ka zuba su a QGIS ba tare da ka gaya masa tsarin kowanne ba, ko dai su watse nesa da juna, ko su yi kamar sun dace alhali sun kauce da ɗaruruwan mita, boholin wani ya faɗa filin wani. A tsarin taswira na UTM, Kumasi da Akra suna shiyya ta 30N, amma layin Girinwic ta Tema ya ratsa, gabas da shi shiyya ta 31N ce. Rubuta tsarin a saman kowane shafi na littafin filinka.

Na biyu ƙara da ƙura. Mitar ƙara a kan ƙafa uku, tsayin mita 1.2 zuwa 1.5, nesa da bango da aƙalla mita 3.5, da soson iska a bakinta, a gwada ta da na'urar desibel 94 kafin da bayan awo. Ba a awo cikin ruwan sama ko iska mai ƙarfi. Ma'aunin GS 1222 na 2018 ya sa wa unguwar zama desibel 55 da rana, 48 da dare. Rubuta duk abin da ka ji da lokacinsa: injin niƙa, janareta, lasifikar masallaci ko coci, babur. Ba tare da wannan ba, babu mai iya fassara lambar. Kuma kada ka tara desibel ka raba kamar kuɗi: rabin lokaci a 60, rabi a 80, amsar kusan 77 ce, ba 70 ba.

Ƙura awa 24 ake aunawa. Ƙaramin inji mai zuƙar lita 5 a minti yana jan iska kubik mita 7.2 a yini. In takardar tacewa ta ƙara nauyin rabin miligiram, kusan maikurogiram 69 ke nan a kubik mita, dab da iyakar 70 da GS 1236 ta 2019 ta sa wa PM10, wato ƙura mai laushi da ake shaƙa. Ka ga ƙaramin nauyin da ake magana a kai, shi ya sa da hantsaki ake ɗaukar takardar, ba da yatsa ba. In batir ya mutu cikin dare, rubuta awannin da injin ya yi na gaskiya, a yi lissafi da su ko a sake. Awon hunturu kuma a rubuta cewa na hunturu ne, don hazo kaɗai na iya haura iyakar.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu da ke damuna. Wasu da suka riga mu fita sun ce makonni suka yi suna fotokofi kawai. Sannan in sakamako ya fito sama da iyaka aka ce in gyara lambar, ni ɗalibi yaya zan yi?

Anti ta Sabon Zango:

Ɗana, kafin a amsa maka, ban yarda a bar ka da tunanin cewa aikin duka kwalba ne da mita ba. Abin da ya fi tsayar da aikin hanya ko magudana a cikin gari ba pH ba ne, mutane ne: mai kiyos a bakin kwata, mai wake da shinkafa da teburinta ke kan hanyar, mai gidan da za a yanke masa ɗaki. Ayyukan Bankin Duniya tun 2018 suna bin ma'auni 10 na muhalli da zamantakewa. Karanta na 5, kan karɓar fili da tashin mutane, da na 10, kan tuntuɓar jama'a. A na 5 za ka ga cewa ko wanda ba shi da takardar fili yana da hakkin a biya shi abin da ya gina, a kuma taimaka masa ya koma sana'arsa. Mutanenmu na zango da yawa ba su san haka ba, kuma ɗalibin da zai iya bayyana musu shi da Hausa mai kyau yana yin aikin da injiniyan da ba ya jin harshen ba zai iya ba.

Shiga unguwa na da tsari. A fara da sarkin zango ko mai unguwa, da liman, da asambiliman, a sa rana. Kauce wa lokacin Juma'a da ranar kasuwa. Mata a zauna da su daban, domin a taron da dattawa maza ke gaba ba za su faɗi inda ruwa ke shiga ɗakunansu ba, su kuma suka fi sanin haka. 'Yan haya da kayaye ma a neme su, mai gida ba ya magana da bakinsu.

In an sa ka ƙidayar waɗanda aikin zai shafa, koyi KoboToolbox tun yanzu, tsarin cike fom ne da ke aiki a waya ko babu intanet. Kowane mutum da suna kamar yadda yake a katin Ghana, da hoton abin da ya mallaka da lambar GPS. Sunayenmu suna maimaituwa, kuma mutum na iya ba ka laƙabin da unguwa ta san shi da shi; ranar biya sunan bai dace da kati ba, kuɗinsa ya maƙale. A sanar da ranar rufe ƙidaya a bainar jama'a, don wanda ya kafa rumfa bayanta ba ya cikin lissafi. Kada ka taɓa faɗa wa kowa adadin da zai samu, ƙiyasin kuɗi aikin masu kimanta dukiya ne, da sa hannun sashen kimantawa na Hukumar Filaye. Bayanan mutane kuma amana ce da dokar Act 843 ta 2012 ta kare, ba a tura su a guruf na WhatsApp.

Malam na Nima:

Anti ta yi gaskiya, ka riƙe maganarta. Batun fotokofi, maganinsa a makon farko yake. Zauna da mai kula da kai ku rubuta abu uku ko huɗu da za ka yi kafin ka tafi: fita fili aƙalla sau ɗaya, shirya teburin sakamako, zana taswirar wuraren ɗibar samfur, rubuta ɓangare ɗaya na babin da ke bayyana yanayin wurin kafin aiki. Nemi tsohon rahoton kamfanin da takardar gyare-gyaren da EPA ta maido a kansa ka karanta su gefe da gefe. Babu darasin da ya kai wannan nuna maka abin da mai dubawa ke nema. Idan kana rubutu a kan tsohon rahoto, bincika sunan gari, gunduma da rafi ɗaya bayan ɗaya. Rahoton Ejisu ɗauke da ruwan saman Tamale abu ne da mai dubawa ke kamawa a shafin farko.

Lamba kuwa ba a taɓa ta. In ta fito sama da iyaka, akwai hanyar da ta halatta: duba littafin fili, saitin mita, samfurin da aka ɗiba sau biyu da kwalbar tataccen ruwa, a tambayi ɗakin gwaji ko an yi kuskuren ma'auni, miligiram a wurin maikurogiram. In ana shakka, a sake ɗiba, a sa sakamakon biyu a rahoto da bayani. Ka kuma nuna wa mai kula da kai cewa lamba mai yawa kafin a fara aiki kariya ce ga mai aikin, don ita ce shaidar cewa ya tarar da rafin a gurɓace. Wanda ya rage ta yau, gobe in an auna aka ga gaskiyar, shi za a ɗora wa laifin. In duk da haka aka matsa maka, ce a turo maka umarnin a rubuce, kada ka sa hannu a teburin da ya saɓa wa takardar ɗakin gwaji, ka kuma sanar da malamin sashenku da ke kula da atachimen ɗinku.

Littafin logi da makaranta ta ba ka, cika shi kullum da sunan na'urar da ka riƙe da gwajin da ka yi, a sa maka hannu duk mako. Kafin ranar ƙarshe nemi wasiƙar shaida da ta lissafa ayyukan da ka yi, ka kuma tambaya ko za su rubuta wa hukumar hidimar ƙasa su nemi a turo musu kai bayan ka gama. Wannan buƙatar tun kafin a fitar da sunaye ake shigar da ita, don haka ka tuna musu da zarar ka koma aji huɗu.